Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana 'Yan Sandan Landan Yin Harbi?

TAMBAYA: Malam, muna da majalisa a ƙofar wani shago a nan Tudun Wadar Zariya, kuma wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu. Wani yaro ne ya nuna mana bidiyon tarzomar da aka yi a Landan a 2011. Ga samari suna fasa kantuna suna fitowa da talabijin a ka, ga 'yan sanda sun jeru da garkuwa sun zuba musu ido. Wasunmu suka ce tsoro ne kawai, da a nan ne da dare ɗaya ya ishi sojoji su gama da su. Wasu kuma suka ce ai su 'yan sandan ne ma suka jawo fitinar, saboda zaluncin da suke yi wa baƙaƙen fata. To ta yaya mutum zai zama azzalumi kuma matsoraci a lokaci guda? Don Allah a warware mana.
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: A gaishe mini da mutanen majalisa, a kuma shaida musu cewa gardamar nan tasu ita ce dai wadda Turawan Ingila suka tafka a majalisar dokokinsu da jaridunsu, kuma har gobe ba su rufe ta ba. Kowane ɓangare a cikinku yana da hujja, sai dai ba a kan rana ɗaya kuke magana ba. Masu cewa zalunci suna nufin shekarun da suka gabaci tarzomar ne da kuma yinin da ta ɓarke. Masu cewa sakaci kuwa darare uku na tsakiyarta suke kallo. Muddin aka cakuɗa ranakun nan, ba za a fahimci juna ba, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis 4 ga Agusta 2011 da yamma, 'yan sanda masu makamai suka tare wata tasi a titin Ferry Lane da ke unguwar Tottenham, arewacin Landan. A cikinta akwai Mark Duggan, ɗan shekara 29, wanda suka samu rahoton cewa ya karɓo bindiga. Da ya fito daga motar sai wani jami'i ya harbe shi sau biyu, ya mutu a wurin. Labarin da ya fara yawo shi ne wai musayar wuta aka yi, tunda har an samu harsashi maƙale a oba-obar wani ɗan sanda. Bayan 'yan kwanaki gwaji ya nuna harsashin na 'yan sandan ne da kansu, kuma Duggan bai harba ko ɗaya ba. Hukumar da ke binciken ƙorafi a kan 'yan sanda a lokacin, wato IPCC, ta amsa cewa mai yiwuwa daga bakinta ne 'yan jarida suka ɗauki wancan labari. Bindiga dai an same ta, a cikin safa, yashe a kan ciyawa 'yan taku kaɗan daga wurin. A Janairun 2014 masu taya alƙali yanke hukunci, mutum 8 cikin 10, suka ce kisan bai saɓa wa doka ba, duk da sun yarda babu bindiga a hannunsa sa'ad da aka harbe shi. Hujjar ita ce jami'in ya haƙiƙance a ransa cewa akwai. Hukuncin nan bai kwanta wa mutanen Tottenham ba.

Amma ni a ganina ba harbin kaɗai ne ya kunna wutar ba, abin da ya biyo bayansa ne. Babu jami'in da ya taka zuwa gidan iyayen Duggan ya zauna ya yi musu bayanin cewa ɗansu ya rasu. 'Yan sanda sun ɗauka hukumar bincike za ta yi, ita kuma ta ɗauka sun yi. Ka ƙaddara a nan Zariya hukuma ta kashe wa dattijo ɗa, kwana biyu babu wanda ya yi sallama a zaurensa, sai dai ya riƙa tsintar labari a rediyo da bakin maƙwabta. Daga baya rundunar ta nemi afuwa a kan wannan, amma a lokacin garin ya riga ya kama.

Ranar Asabar 6 ga wata, dangi da mutanen unguwa, kimanin 300, da mata da yara a cikinsu, suka yi tattaki cikin lumana daga rukunin gidajen Broadwater Farm zuwa caji ofis na Tottenham. Buƙatarsu ɗaya ce: wani babba ya fito ya gaya musu abin da ya faru. Aka turo musu wanda suke ganin muƙaminsa bai kai ba, suka ce a kira na sama, aka bar su a tsaye sa'o'i. Da yamma ta yi nisa, masu iyali suka fara janyewa, fusatattun samari suka cike gurbinsu. Sai jita-jita ta bazu cewa 'yan sanda sun lakaɗa wa wata yarinya duka. Bayan ƙarfe 8 na dare aka banka wa motocin 'yan sanda biyu wuta, sai bas mai hawa biyu, sai wani tsohon bene da ke da kantin darduma a ƙasa da gidajen mutane a sama. Iyalai suka tsira da kayan jikinsu kawai.

Sunan Broadwater Farm kansa ya isa ya sa shugabannin 'yan sanda su shiga taitayinsu a ranar. A Oktoban 1985 wata baƙar fata mai suna Cynthia Jarrett ta yanke jiki ta mutu yayin da 'yan sanda ke binciken gidanta a Tottenham. Washegari aka yi tattaki zuwa wannan caji ofis ɗin, da dare kuma rikici ya ɓarke a Broadwater Farm, aka kashe ɗan sanda Keith Blakelock da sara da suka. Shekara 26 tsakani, unguwa ɗaya, ofis ɗaya, tattaki iri ɗaya. Duk wanda ya san wannan tarihi bai kamata ya bar taron nan a bakin ƙofa har duhu ya shiga ba. Da za a tambaye ni kuskure mafi tsada da 'yan sandan Landan suka yi a makon baki ɗaya, wannan zan nuna, kuma gyaransa ba ya buƙatar kulki ko harsashi. Mutum ɗaya mai manyan anini a kafaɗa da zai fito ya yi ta'aziyya ya isa ya rage zafin.

Masu maganar zalunci a majalisarku suna da abin kafa hujja da ya girmi Duggan. A Afrilun 1981, a unguwar Brixton da ke kudancin Landan, 'yan sanda suka ƙaddamar da wani samame da suka kira Swamp 81. Cikin ƙasa da mako guda suka tsayar da mutum 943 a kan titi suna caje su, akasarinsu baƙaƙen fata, a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1824 da ta ba da damar kama mutum bisa zato kawai. Brixton ta kama da wuta. Alƙali Lord Scarman, wanda aka ba bincike, ya ce irin wannan caje na kan mai uwa da wabi ne ya lalata tsakanin 'yan sanda da jama'a. Aka soke tsohuwar dokar, aka yi sabuwa a 1984. A 1999 kuma wani alƙalin, Sir William Macpherson, bayan ya binciki yadda aka yi wa shari'ar kisan matashi Stephen Lawrence riƙon sakainar kashi, ya ce wariyar launin fata ta shiga jinin rundunar Landan ita kanta, ba halin ɗaiɗaikun jami'ai ba ne kawai. Duk da haka caje bai tsaya ba. Wani sashe na dokar 1994 ya ba manyan jami'ai ikon ayyana unguwa su ce a caje kowa ko babu zato, kuma a 2010 hukumar kula da daidaito ta ƙasar ta gano cewa yiwuwar a tsayar da baƙar fata ta ninka ta Bature kamar sau 6. Yaron da aka jingina shi da bango aka turo masa hannu a aljihu a gaban abokansa, ba a samu komai ba, ba a kuma ce masa yi haƙuri ba, sau biyar ko goma kafin ya cika shekara 18, ba sai an yi masa huɗuba a kan ƙin ɗan sanda ba.

Yanzu mu zo ga bidiyon da kuka gani, don abin da idonku ya gani gaskiya ne. Daren Lahadi rikicin ya tsallaka Enfield da Brixton. Daren Litinin 8 ga wata shi ne mafi muni: Hackney, Peckham, Clapham Junction, Ealing, Croydon, kuma a wannan dare ya isa Birmingham da Liverpool da Bristol da Nottingham. A Croydon aka ƙone kantin kujeru na iyalan Reeves, wanda ke tsaye tun 1867, wanda ko bama-baman Jamus na yaƙin duniya na biyu ba su rushe shi ba. Masu kantuna sun yi ta buga waya neman ɗauki babu wanda ya zo, a wasu wuraren kuma 'yan sandan suna nan a jere a bakin layi, ana wasoso a gabansu. Wanda aka ƙone wa dukiyar da ya tara shekara talatin yana da haƙƙin ya ce an yi watsi da shi, kuma an yi ɗin.

Sai dai dalilin ba tsoro ba ne, lissafi ne. Daren Litinin jami'ai kimanin 6,000 ne a titunan birnin da ke da mutum miliyan 8, kuma ba dukansu ke da horon kwantar da tarzoma ba. Horon ma da suke da shi na taro ɗaya ne mai tsayawa wuri ɗaya, irin zanga-zangar siyasa: a ja daga, a tare hanya, a jira zafi ya huce. Waɗannan kuwa gungu-gungu ne na yara a ƙafa da kekuna, suna aika wa juna saƙo ta BlackBerry Messenger, wanda 'yan sanda ba sa iya karantawa. Kafin mota ta iso wannan layi sun watse sun haɗu a wancan. Ga kuma wani abu da mai kallo ba ya lura da shi: duk mutum ɗaya da aka kama, sai jami'ai biyu sun bar sahu sun tafi da shi ofis. Kwamandan da ke da mutum 30 a gaban taron 300, idan ya ce a yi kame, cikin minti kaɗan zai ga ba shi da sahu. Hukumar da ke duba ayyukan 'yan sanda ta lissafa daga baya cewa kafin a iya kame da tarwatsa irin wannan taro, sai 'yan sanda sun ninka masu tarzoma sau 3 zuwa 5. Shi ya sa umarnin ya zama a tsaya a tsare rayuka da masu kashe gobara, a bar kyamarori su ɗauki fuskoki, a bi mutane gida daga baya.

Akwai kuma ɗari-ɗari, wannan ba a musu. A Afrilun 2009, lokacin zanga-zangar taron G20, wani ɗan sanda ya doki wani mai sayar da jarida, Ian Tomlinson, ya hankaɗa shi ƙasa, mutumin da ba ya ma cikin zanga-zangar, hanyar gida yake nema. Jim kaɗan ya mutu, kuma wani ya ɗauki abin a bidiyo. Watanni kaɗan kafin tarzomar 2011 aka sanar cewa za a gurfanar da jami'in bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. Kowane ɗan sanda da ya riƙe kulki a wannan Agusta ya san labarin. Jaridun da suka shekara biyu suna cewa 'yan sanda sun cika ƙarfin hannu, su ne cikin dare ɗaya suka koma cewa sun cika sanyi. Ƙari a kan haka rundunar ba ta da cikakken shugaba, don kwamishinanta Sir Paul Stephenson ya yi murabus a watan Yuli saboda badaƙalar satar sauraron wayoyi, mataimakinsa Tim Godwin ke riƙo. Firaminista David Cameron yana hutu a Italiya, magajin gari Boris Johnson shi ma ya tafi nasa hutun.

Wannan bayani ne, ba wanke su nake yi ba. Kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Darra Singh ya ƙiyasta cewa mutum 13,000 zuwa 15,000 ne suka shiga tarzomar, ya kuma ce babban abin da ya yaɗa ta shi ne hotunan Tottenham da suka nuna kamar 'yan sanda sun sallama titi. Yaron Manchester bai san Duggan ba, abin da ya gani a talabijin shi ne ana ɗiba babu mai hanawa. Da an tara jami'ai masu yawa tun daren Lahadi, da wuya abin ya kai inda ya kai. Laifin jinkiri yana wuyansu.

To me ya hana harbi, ko a fito da soja? Jama'ar Ingila da yawa sun nemi a yi hakan. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta kamfanin YouGov a makon ta nuna 9 cikin 10 suna so a fito da motar ruwan zafi, kashi ɗaya bisa uku kuma sun yarda a yi amfani da harsashi mai rai. Ke nan abokanka masu cewa a gama da su ba su kaɗai ba ne.

Amsar tana cikin yadda aka gina rundunar tun asali. A 1819 sojojin doki suka afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe a Manchester, suka kashe fiye da mutum 10, suka raunata ɗaruruwa. Abin ya zama tabo. Da Sir Robert Peel ya zo kafa 'yan sandan Landan a 1829, sai da ya lallashi jama'ar da ke tsoron za a ɗora musu soja a cikin gari: aka ba su shuɗin kaya maimakon jan kayan soja, aka ba su kulki maimakon bindiga, aka ce ƙarfinsu daga yardar jama'a zai fito. Har yau mafi yawan 'yan sandan Ingila ba sa ɗaukar bindiga, rukuni ne na musamman ke riƙe ta.

Kada ka ɗauka tausayi ne na halitta. Turawan nan suna da wani samfurin ɗan sanda na daban, mai bindiga, mai zama a bariki, wanda suka fara gwadawa a Ireland sannan suka baza a ƙasashen da suka mallaka. Shi muka gada. A 1863 John Glover ya tara Hausawa a Legas ya ba su makamai, kuma daga wannan runduna ne 'yan sandan Najeriya da sojojinta suke jawo salsalarsu. An zaɓi baƙi ne da gangan, waɗanda ba su da dangi a garin da za su tsare. Ranar 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka ƙarƙashin jagorancin Bature suka buɗe wuta a kan masu haƙar kwal da ke yajin aiki a Iva Valley, Enugu, suka kashe 21. Saboda haka idan wani a majalisa ya ce da a nan ne da an yi harbi, gaskiya ya faɗa, amma ya sani wannan ɗabi'a daga hannun su waɗanda ba sa yi a gidansu muka karɓe ta.

Su kuma sun ɗanɗana sakamakonta a kusa da gida. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry da ke Ireland ta Arewa. Rikicin bai mutu ba, sai ma ƙungiyar IRA ta samu tururuwar sababbin mayaƙa, aka ƙara shekaru fiye da 20 ana zubar da jini. A Yunin 2010, wata 14 kacal kafin tarzomar Landan, shi Cameron ɗin ne ya miƙe a majalisa ya nemi gafara a kan wannan kisa. Harsashin roba ma da ake ganin sauƙi ne, ya kashe mutum 17 a Ireland ta Arewa, 8 daga cikinsu yara. Wanda ya fi fitowa fili ya ƙi shawarar amfani da waɗannan kaya a 2011 shi ne Sir Hugh Orde, shugaban ƙungiyar manyan jami'an 'yan sanda, kuma ba don bai san su ba: ya shugabanci rundunar Ireland ta Arewa, ya taɓa ba da umarnin a yi amfani da su. Ya ce motar ruwa taron da ya tsaya wuri ɗaya take yi wa aiki, ba yaran da ke gudu lungu-lungu ba. Boris Johnson bai ji ba. A 2014 ya sayo tsofaffin motocin ruwa guda 3 daga Jamus, Theresa May, ministar cikin gida a lokacin, ta hana a yi amfani da su a 2015, a 2018 kuma aka sayar da su a matsayin gwangwan kan kusan fam 11,000, bayan sun laƙume fiye da fam 300,000 ba su fesa wa kowa ko ɗigo ba.

Ga lissafin da nake so majalisa ta yi. A kwanaki biyar na tarzomar mutum 5 suka mutu, kuma babu ko ɗaya da ya mutu a hannun ɗan sanda. A Los Angeles ta Amurka a 1992, inda kowane ɗan sanda ke da bindiga aka kuma fito da dubban sojoji, fiye da mutum 50 suka mutu. Rikicin da ya samo asali daga harsashin ɗan sanda, a ce za a kashe shi da ƙarin harsashi a kan yara 'yan shekara 15 masu ɗauke da takalman sata? Ni dai ina ganin ƙin yin harbin daidai ne, kuma ba ya cikin abin da za a zarge su da shi.

Abin da ya kawo ƙarshen abin a Landan shi ne yawa. Daren Talata 9 ga wata aka soke hutun kowa, aka ɗebo jami'ai daga sauran rundunonin ƙasar, 16,000 suka cika tituna, birnin ya yi tsit. Cameron ya dawo, ya kira majalisa ranar 11 ga wata, ya ce 'yan sanda sun yi kaɗan da farko kuma dabararsu ba ta yi aiki ba. Orde ya mayar masa da martani cewa dawowar 'yan siyasa daga hutu ba ita ta sauya komai ba, kwamandoji ne suka sauya salo da kansu. Wasu ma sun ce ruwan saman da aka yi ranar Laraba ya taimaka wajen korar mutane gida.

A Birmingham kuwa ba ɗan sanda ne ya kashe wutar ba. A Landan ma, inda hukuma ta gaza, mutane sun fito tsaron kansu: Turkawa da Kurdawa masu kantuna a Dalston, mabiya addinin Sikh a ƙofar wurin ibadarsu a Southall, masallata a Whitechapel. Watan azumi ne. A unguwar Winson Green ta Birmingham, cikin daren da ya wayi garin Laraba 10 ga wata, wata mota ta bi ta kan samari Musulmi uku da ke cikin masu gadin kantunan unguwa: Haroon Jahan mai shekara 21, da wasu 'yan'uwa biyu, Shahzad Ali da Abdul Musavir. Garin yana da tsohon miki, don a 2005 an yi arangama tsakanin 'yan asalin Asiya da baƙaƙen fata a unguwar Lozells, kuma nan da nan maganar ramuwa ta fara yawo. Sai mahaifin Haroon, Tariq Jahan, wanda da hannunsa ya yi ƙoƙarin farfaɗo da ɗansa a kan titi, ya fito gaban taro riƙe da hoton yaron. Ya ce wannan ba faɗan ƙabila ba ne, ya ce duk mai son ya rasa ɗansa ya matso gaba, in ba haka ba kowa ya kwantar da hankali ya tafi gida. Aka kuwa tafi. Shugaban 'yan sandan yankin da kansa ya yaba masa a bainar jama'a. A 2012 kotu ta wanke mutum 8 da aka tuhuma da kisan, kuma ko a lokacin dattijon bai kira kowa kan titi ba.

Wanda ke neman inda aka nuna ƙarfi, ya duba kotu. Alƙalai sun yi ta zama har cikin dare, aka gurfanar da fiye da mutum 3,000, da yawansu ta hanyar hotunan kyamara. Wani ɗalibi da bai taɓa laifi ba ya sha ɗaurin wata 6 saboda ya ɗauki ruwan roba na fam 3.50 a wani kanti a Brixton. Wasu samari biyu a yankin Cheshire suka sha shekara 4 kowannensu saboda sun yi kira a Facebook a fito tarzoma, alhali babu tarzomar da aka yi a garuruwan nasu. Matsakaicin ɗaurin ya kai wata 17, inda irin waɗannan laifuffuka a shekarar da ta gabata ba su kai wata 4 ba. Nan ma sai da aka yi gardama, wasu na cewa gargaɗi ne da ya dace, wasu na cewa huce haushi ne.

Gardamar musabbabi ta fi kowacce tsawo. Cameron ya ce tsagwaron ta'asa ce da lalacewar tarbiyya, ya ɗora laifin a kan 'yan daba. Alƙaluman gwamnatinsa sun ba shi rabin gaskiya: kusan kashi uku bisa huɗu na waɗanda aka gurfanar suna da tsohon laifi, amma kashi 13 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka kama ke cikin wata ƙungiyar daba. Kuma ba tarzomar baƙaƙen fata ba ce kamar yadda wasu suka so su nuna, yawan Turawa da baƙaƙe a gaban kotu kusan kunnen doki ne, a Manchester da Salford ma Turawa suka fi yawa. Jaridar Guardian da makarantar LSE suka tattauna da mutum 270 da suka shiga tarzomar, kashi 85 cikin 100 suka ambaci halin 'yan sanda a cikin manyan dalilansu, kashi 73 kuma suka ce an caje su a kan titi cikin shekarar. Mai shakka zai ce ɓarawo ba ya rasa hujja, kuma da yawansu sun faɗa da bakinsu cewa banza suka gani suka ɗiba. Amma ba a kowace unguwa aka ɗiba ba, kuma inda aka fi jifan 'yan sanda nan ne aka fi cajewa. Theresa May, wadda babu mai zarginta da laushi, ita ce a 2014 ta gaya wa majalisa cewa ana wuce gona da iri a caje, ta kuma taƙaita shi. A 2023 wani sabon bincike ƙarƙashin Baroness Casey ya sake samun rundunar Landan da cutar da Macpherson ya ambata shekara 24 kafin nan.

A ƙarshen Yulin 2024 gardamar ta dawo, amma an yi musayar kujeru. Bayan wani matashi ya kashe yara mata uku a garin Southport, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira, alhali a Cardiff aka haife shi. Gungun masu tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi suka far wa masallacin garin, bayan kwanaki kuma suka nemi cinna wuta a wani otal da ke ɗauke da masu neman mafaka kusa da Rotherham. Firaminista a lokacin, Keir Starmer, shi ne babban mai gabatar da ƙara na ƙasar a 2011, kuma maganin da ya gani ya yi aiki shi ya sake ɗaukowa: tara jami'ai da yawa, kame ta hanyar bidiyo, shari'a cikin kwanaki. A Ingila ba a fito da soja ba, ba a harbi kowa ba. Wannan karon masu tarzomar galibi Turawa ne, sai ga ɓangaren siyasar da ya fi ɗaga murya a 2011 cewa 'yan sanda sun yi sanyi yana kukan an yi tsanani, wai ana auna Turawa da wani mudu, baƙi da wani. Kwamitin majalisar dokoki mai kula da harkokin cikin gida ya bincika, a Afrilun 2025 ya ce zargin ba shi da tushe. Masu yin sa ba su janye ba.